Sanyin Kududdufi

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
12 ga Maris, 1977.

Zuwa ga uwargidana Hadiza,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki, yaya kumburin ƙafar? Yaya Innata da idonta, da su Baba, da duk mutanen Kibiya? Ni lafiya ƙalau nake, in ban da tuwon kasuwa da ya fita raina. Kin tafi goyon ciki kin bar ni ina ramewa, Allah ya sa ki gane ni in kin dawo.

Kin ce kada in cika miki kunne da zancen tanki. Ki yi haƙuri, in ban gaya miki ba wa zan gaya wa? Farin tankin nan mai tsawon tirela da kika ga ana saukewa a kamfanin Alhaji Lawan ya cika fal yanzu, kuma ni aka ɗora wa kula da shi. Abin da ke ciki iskar nan ce da ke sa lemon kwalba ya yi kumfa ya hau miki hanci. Daga nan muke ɗura wa masu yin lemo a tukwanen ƙarfe. A kwalba abin wasa ce. A tanki kuwa a matse take, injin sanyi ne ke lallaɓa ta. Da an ɗauke wuta injin ya tsaya sai ta fara kumbura, allurar agogon awon matsi ta yi ta hawa, har bawul ɗin da ke kan tankin ya buɗe da kansa ya zubar da rarar. In bai buɗe ba tankin ne zai fashe, saboda haka ni buɗewar ba ta dame ni ba.

Ihunsa ne ya dami unguwa. Hadiza, ba ki taɓa jin irinsa ba, ya fi jiniyar jirgin ƙasa. Ran nan ana tsakiyar sallar magariba ya kwarma, sahu ya watse, wani tela ya fita ba takalmi, awaki suka tsinke igiya. Washegari mai unguwa ya zo da liman da dattawa. Kin san Alhaji da kunya da kiyaye haƙƙin maƙwabta, tun kafin su gama magana ya ce laifinsa ne. Ya kira mai walda aka haɗa wani ƙaton bututu daga bakin bawul, aka sauko da shi ƙasa, aka huda katangar baya, aka zura shi cikin busasshen kududdufin nan na ɓangaren Tarauni. Yanzu in ya buɗe sai dai ki ji kamar minshari daga nesa. Kowa ya ji daɗi, liman ya yi wa Alhaji doguwar addu'a. Ni kaɗai ne amin ɗina bai fito sosai ba.

Ga abin da ke cina. Iskar nan ba ta da wari, kuma ta fi wadda muke shaƙa nauyi. In ta fita ta sama sai ta baje ta ɓace. In aka kai ta ƙasa, gangarawa take yi kamar ruwa ta nemi rami ta kwanta, duk mai rai da ke ciki kuma numfashinsa ya ƙare bai san me ya same shi ba. Kin kuwa san wanda ke wuni a ramin nan. Yaya Haruna ne, shi da abokan yin tubalinsa, kuma ni na taso shi daga gida bara na ce ya zo, kowa gini yake yi a Tarauni.

Na sami Alhaji na yi masa bayani. Ya saurare ni tsaf, sannan ya tambaye ni, wai iskar da jikokinsa ke sha a kwalba ce za ta kashe ƙato? Ya ce ya ba dattawa kalma, ba zai tsinka ta ba saboda abin da ba wanda ya taɓa gani. Gobe zan sauka wajen Yaya.

Kada ki gaya wa Inna komai tukuna. Ga sabulu da man shafawa na ba direba.

Naki har kullum,
Ɗahiru.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
3 ga Afrilu, 1977.

Zuwa ga Hadiza,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Yaya jiki, yaya zafin nan? Na ji kin ce watan ya kama, Allah ya sauke ki lafiya. Ki gaida Inna, ki ce na samo maganin idon, yana tafe.

Na sauka ramin, kuma da ban sauka ba da na fi samun barci. Kududdufin ya ƙafe ƙaf, zurfinsa ya fi tsayin soro, hanya ɗaya ce ta shiga, wadda jakuna ke bi da mangala. Na iske su sun yi azahar. Ina kike zaton suka shimfiɗa tabarmarsu? Daidai bakin bututun. Wai in an ɗauke wuta wani sanyi yake hurowa, ya fi fanka. Sun ma raɗa masa suna, sanyin Alhaji. Akwai wani dattijo a cikinsu, Malam Rabi'u, shi ne ya fi kowa son sanyin nan, ya ce tun da ya zo birni bai taɓa ƙailula mai daɗin wannan ba. Na tambaye su ko suna tashi da ciwon kai. Suka ce ƙwarai, ai rana ce.

Na ja Yaya gefe na rusuna na gaya masa komai. Kin san shi. Ya yi dariya har da dafa kafaɗata, ya kira ni Injiniya, ya ce shi da ya goya ni zuwa gona yau ni zan koya masa inda zai kwanta. Ya ce ƙasar wurin ce mai danƙo, magina ita suke nema, kuma kafin damina ta cika ramin dole ya tara abin da zai riƙe matarsa Asabe da yara da shi. Ban iya ɗaga masa murya ba. Yaya za a yi in tsaya a gaban abokan aikinsa in ce masa na hana?

Sai na ce to bari in nuna musu da ido. Iskar nan tana kashe wuta. Na roƙi mai unguwa ya zo, mutane suka taru a bakin rami, na ɗaura fitilar ƙwai a igiya na zura ta har ƙasa. Hadiza, ranar akwai wutar lantarki tun safe, bawul bai motsa ba, ga iska tana kaɗawa. Fitilar nan ta yi ta ci abinta, har ta fi haske. Na tsaya riƙe da igiya kamar mai kamun kifi a tudu. Yara suka fara dariya, manya suka bi. Mai unguwa mutumin kirki ne, ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, ya juya ya tafi. Yanzu in na wuce majalisar mai shayi sai in ji ana cewa ga mai fitila nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma fushina ba zai sauya nauyin iska ba. Na rubuta wa ofishin masu duba masana'antu na ce a zo a auna hatsarin tankin. Na kuma roƙi Alhaji abu biyu, a gyara janareta, a sayo abin rufe fuska mai tukunyar numfashi ko guda ɗaya. Ya ce janareta kayan gyaranta na Legas, abin fuskar kuma sai an yi oda daga Turai.

Yanzu aikina ke nan, da wuta ta ɗauke da rana sai in bar komai in ruga bayan katanga in yi ta kiran su su fito. Wani lokaci su fito don kunyata, wani lokaci su ɗago min hannu daga kwance.

Ki yi min addu'a, ni ma ina yi miki.

Mijinki,
Ɗahiru.

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
28 ga Afrilu, 1977.

Zuwa ga maijego Hadiza,

Assalamu alaikum. Barka da arziki har yanzu. Yaya ruwan zafi, yaya Saratu 'yar Baba? Mun iso lafiya ni da Yaya. Tun da na dawo daga suna nake jin ƙamshin kanta a rigata, na ƙi bayar da ita wanki. Ki daina cewa hancina ta ɗauko kamar wani abin jaje.

Mai duba masana'antun ya zo. Sunansa Mista Matiyas, mutumin kudu ne amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa. Ba zan zalunce shi ba, ya yi aikinsa. Ya hau tankin, ya auna kaurin ƙarfen, ya gwada agogo, ya sa aka buɗe bawul a gabansa. Ya ce tankin lafiyarsa ƙalau, ba zai fashe ba. Na ce ni ma ban ce zai fashe ba, ranka ya daɗe, zo ka ga inda iskar take zuwa. Ya bi ni har bayan katanga, ya leƙa ramin. Na ga a fuskarsa ya gane. Sai ya ce ikon ofishinsa a katangar kamfani ya ƙare, mutanen ramin ba ma'aikatan Alhaji ba ne, amma zai ba da shawara a ɗaga bututun sama. Shawara, ba umarni ba. Alhaji ya karɓa da godiya, ya ce bayan damina in sha Allah, in ya samu ya shawo kan dattawa.

Na je wurin duba-gari. Suka ce su ƙazanta da sauro suka sani, in akwai wari su zo. Na ce babu wari, abin da ya sa nake tsoro ke nan. Suka dube ni kamar yadda 'yan majalisar shayi ke dubana.

Na yi tunanin in sa guduma in karya bututun da kaina. In na yi, Alhaji zai sallame ni, mai walda ya mayar da shi kafin la'asar, kuma ba sauran mai rugawa ya kira su in wuta ta ɗauke. Na juya abin ta kowace fuska, ban ga ƙofa ba.

Abu ɗaya na samu, shi ne ya sa nake rubuto miki da ɗan sauƙin zuciya. A mota muna dawowa, wajen Bunkure, na ga Yaya cikin nishaɗi, sai na daina yi masa bayanin iska. Na ce ya yi min don darajar Inna, ba don ya yarda da ni ba. Sai ya ce, “To, Injiniya, na ɗaukar maka. Ba zan ƙara kwanciya a ramin ba.” Kin san shi, in ya faɗi magana ya faɗe ta. Tun da muka dawo, da ya idar da azahar sai ya hau tudu ya kwanta a gindin darbejiya yana fifita da hularsa yana yi min tsiya. Malam Rabi'u ne dai ya ƙi, wai shi tsufa ya hana shi hawa da sauka.

Ki shafa min kan Saratu. Asabe tana gaishe ki, ta ce zanen goyon yana wurin mai ɗinki.

Naki,
Ɗahiru.

Tarauni, Kano.
19 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da yarinya. Yaya haƙuri? Na ga ta'aziyyarki, Allah ya ba da lada. Ina rubuto miki daga zauren gidan da Yaya yake haya, a nan muke zaman makoki.

Kin tambaye ni ko gaskiya ne abin da su Kawu suka kawo gida, cewa na tsaya da shebur na hana a ceci ɗan'uwana. Kin ce Inna ta daina cin abinci tana cewa a tambaye ni. Gaskiya ne. Ki karanta mata wannan, kada ki tsallake komai don tausayina.

Ranar tun hantsi babu wuta, ga zafi, ko ganye ba ya motsi. Na leƙa ramin kafin azahar na roƙe su, suka fito duka. Sai Alhaji ya aike ni Fagge, wai kayan janareta sun iso, ba wanda zai gane su sai ni. Na yi murna ma, na ce yau dai za a huta. Bayan tafiyata bawul ya buɗe, sanyin iskar ya daskare a bakinsa, ƙanƙara ta riƙe shi ya ƙi rufuwa, iskar ta yi ta zuba. Da yana ihu irin na da, da duk unguwa ta san wani abu ya faru. Ba wanda ya ji komai.

Malam Rabi'u ya koma wurin sanyinsa ya kwanta. Yaya yana gindin darbejiya, Inna, ya cika alkawarinsa, bai kwanta a ramin ba. Da aka kira la'asar ya yi alwala, ya duba bai ga dattijon ba. Ya ƙwala masa kira bai amsa ba. Waɗanda ke wurin sun ce cewa ya yi bari ya taso shi kada jam'i ya wuce shi. Ya sauka. Ya sunkuya ya taɓa ƙafarsa, sai suka ga ya durƙusa, ya kwanta a gefensa a hankali.

A lokacin na iso a keke. Na ga taro, na ga wani farin tururi kwance a gindin ramin, na hango tafin ƙafar Yaya da jiƙaƙƙen hannun rigarsa na alwala. Samari sun fi goma suna tuɓe riga za su sauka, ɗaya har ya kai rabin hanya yana tangaɗi. Na fizgo shi. Na ɗauki shebur na tsaya a hanyar jakunan nan, na rantse duk wanda ya matso zan fasa masa kai. Wani ya ce, “Ɗan'uwanka ne fa!” Na ce na sani. Asabe ta iso ba mayafi, ta riƙe ƙafata tana cewa in bar su ko ni in sauka. Ban bar su ba, ban kuma sauka ba. Na san duk wanda ya shiga ba zai ɗauko kowa ba, gawa ce za ta ƙaru. Ina tsaye na ba Yaya baya, ina jin kamar zai kira ni Injiniya.

Na tura a kira 'yan kwana-kwana, na sa aka sassare bututun ta cikin kamfani, ihun ya dawo. Na ce a kawo ƙugiyar ciro guga daga rijiya. Da ita muka yi ta jifa har ta kama rigarsa, muka jawo shi a ƙasa kamar buhu, sannan Malam Rabi'u. Na hura masa numfashi a baki har aka ɓamɓare ni. Fuskarsa lumui, kamar mai barci. Kafin magariba mun kai su.

Samarin da na tare suna nan da ransu, ba ko ɗaya da ya zo ya ba ni hannu a zaman makoki. Asabe ba ta ce min uffan ba har yau, in na shigo sai ta juya fuska bango. Wasu na cewa aljanun kududdufi ne, har an yanka baƙin bunsuru a bakin ramin. Alhaji ya zo ya yi kuka da hawaye, shi ya yi likkafani. Mista Matiyas ma ya zo ya zauna a gefena. Washegari mai walda ya miƙar da bututun sama, ya wuce rufin kamfani. Hadiza, kafin a kira azahar ya gama, har ya samu ya sha shayi.

Yanzu in wuta ta ɗauke tankin yana ihunsa, ba mai ƙorafi. Ni kuwa duk lokacin da na ji sai in ga tafin ƙafar nan. Nakan zauna in sake lissafa abin tun daga farko, ko da na karya bututun tuntuni, ko da ban je Fagge ba, ko da na ɗaga masa murya a gaban mutane sau ɗaya. Na roƙe shi kada ya kwanta a ramin. Bai zo min a rai in roƙe shi kada ya sauka tashin wani salla ba, kuma da na roƙa ban san ko zai ɗauka ba.

Inna, ni na kawo shi birni, ni na tsaya da shebur. In aka mayar da ni wurin, abin da zan sake yi ke nan, kuma wannan ne ya fi komai ci min rai. Ban san yadda zan shigo ɗakinki in gaishe ki ba.

Hadiza, in kin gama karantawa ki dube ta. In ta ce in zo, ki gaya wa direba, a ranar zan taho. In ta yi shiru kada ki matsa mata, kada kuma ki rubuto min don ki rarrashe ni, zan gane.

Allah ya jiƙan Yaya da Malam Rabi'u, ya sa sun huta. Ki gaida Saratu.

Ni ne mijinki,
Ɗahiru.